Magungunan da ke Bin Sawun Sankara: Sababbin Hanyoyin Jinyar Ciwon Dajin Yara

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara da matasa kusan 400,000, daga jarirai zuwa 'yan shekara 19, ke kamuwa da ciwon daji a kowace shekara. A ƙasashe masu arziki, fiye da 80 cikin 100 na waɗannan yara suna warkewa. A ƙasashe masu tasowa da dama kuwa, masu tsira ba su kai 30 cikin 100 ba. Mafi yawan nasarar da masu arziki suka samu, tsofaffin hanyoyi uku ne suka kawo ta: tiyata, gashi da na'ura, da kuma kemo. Amma daga baya wasu magunguna sun shigo da salon aiki na daban. Wasunsu suna toshe wata ɓaraka guda a cikin ƙwayar sankara, wasu kuma garkuwar jikin yaron suke ɗaurawa yaƙin. Su ne darasinmu. Sai dai ba za mu gane amfaninsu ba sai mun san abin da suka zo suka tarar.

Abin da kemo ke yi, da abin da yake ci

Jikin mutum da ƙananan ƙwayoyin halitta aka gina shi, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Ƙwaya takan rabu biyu idan jiki na buƙatar sabuwa, ta dakata idan buƙata ta biya. Umarnin rabuwa da na dakatawa yana cikin ƙwayoyin gado, waɗanda ke jere a kan wasu zaruruwa 46 da ake kira kuromosom, 23 daga uwa, 23 daga uba. Idan umarnin ya sami tangarɗa a cikin ƙwaya ɗaya, sai ta yi ta hayayyafa ba ji ba gani har ta cinye wurin masu lafiya. Sankara ke nan. Ba a ɗaukar ta daga wani, ba kuma sakacin uwa ke kawo ta ba, kuma kusan yaro 10 cikin 100 ne kawai ciwonsu ke da nasaba da gadon iyali.

A 1948 wani likita a birnin Boston na Amurka, Sidney Farber, ya ba da rahoton yara 16 masu sankarar jini da ya ba wani magani mai suna aminopterin. Goma daga cikinsu sun sami sauƙi na ɗan lokaci, sannan cutar ta dawo. Daga nan kemo ya samo asali. Likitoci suka yi shekaru suna haɗa magunguna uku, huɗu, biyar, suna gyara yawan da ake bayarwa, har ta kai yau kusan 90 cikin 100 na yaran da ke da sankarar jinin da ta fi yawa suna rayuwa a manyan asibitocin duniya.

Kemo bai san ƙwayar sankara da suna ba. Abin da ya sani shi ne duk ƙwayar da ke saurin rabuwa. Manomi zai gane wannan: akwai maganin feshi mai ƙone duk wani kore da ya taɓa, akwai kuma mai zaɓe, wanda ke kashe ciyawa ya bar shinkafa. Kemo na farkon ne. Shi ya sa gashin kai ke zubewa, baki ke fashewa, jini ke ƙarewa, domin saiwar gashi da fatar baki da ɓargo duk masu saurin rabuwa ne. Waɗannan sukan wuce bayan jinya. Abin da ya fi damun likitocin yara shi ne wanda ke ɓuya sai daga baya: doxorubicin na iya raunana zuciya, cisplatin na iya taɓa ji, cyclophosphamide mai yawa na iya hana haihuwa. Dattijon da ya warke yana da shekara 70 ba ɗaya yake da yaron da ya warke yana da shekara biyar ba, domin yaron zai yi tsawon rayuwarsa ɗauke da tabon maganin.

Kada wannan ya sa a raina kemo. Har gobe shi ne ginshiƙin jinyar mafi yawan yara, kuma da yawa daga cikin sababbin magungunan da za mu ambata a kansa ake ɗora su.

Kuromosom ɗin Filadelfiya

A 1960 wasu masu bincike biyu a birnin Filadelfiya, Peter Nowell da David Hungerford, suka lura cewa masu wata irin sankarar jini mai tafiyar hawainiya suna da kuromosom guda da ya gajarce fiye da kima. Sai a 1973 wata likita a Chicago, Janet Rowley, ta gano abin da ya faru: kuromosom na 9 da na 22 ne suka karye, suka yi musayar ƙarshensu. A mahaɗar nan ƙwayoyin gado biyu, BCR da ABL, waɗanda da can ba ruwan ɗaya da ɗaya, suka manne. Haɗuwarsu ke samar da wani furotin da babu irinsa a jikin mai lafiya, wanda aikinsa guda ne dare da rana: ya ce wa ƙwaya ta rabu.

Tunda furotin ɗin a ƙwayar sankara yake, tambayar da ta biyo baya a fili take. Za a iya samun abin da zai toshe shi? Masana haɗa magani a wani kamfani na ƙasar Suwizalan, tare da likita Brian Druker na jihar Oregon, suka fito da imatinib, wanda ke shiga ya zauna daidai gurbin da furotin ɗin ke karɓar makamashinsa. Ba makamashi, ba umarni, sai ƙwayar ta daina rabuwa ta mutu. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2001, shekara 41 bayan an fara ganin guntun kuromosom ɗin. Ƙwayar magani ce da ake haɗiya a gida.

Yara 3 zuwa 5 cikin 100 na masu sankarar jinin da ta fi yawa suna ɗauke da wannan kuromosom, kuma a da su ne suka fi wuyar warkewa. Wani bincike da aka wallafa a 2009 ya nuna cewa da aka haɗa musu imatinib da kemo, kusan 80 cikin 100 sun kai shekara uku cutar ba ta dawo ba, alhali a baya kusan 35 ne ke kaiwa. Da yawa daga cikinsu sun tsira daga dashen ɓargo, aikin da ke da tsada da haɗari.

Yana da nasa illolin. Yana kawo tashin zuciya da kumburin fatar ido, kuma yana rage wa yaro saurin tsawo, don haka ake auna shi a kai a kai. Wanda ke sha yau ya tsallake gobe kuma, yana ba sankarar damar canza siffar furotin ɗin har maganin ya daina kama shi. A nan ake komawa ga ƙannensa irin su dasatinib. A Nijeriya an yi shekaru ana ba masu sankarar jini mai tafiyar hawainiya imatinib kyauta ta hannun gidauniyar Max, a asibitin koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, kuma sharaɗin farko shi ne gwaji ya tabbatar da kuromosom ɗin.

Ku riƙe wannan sharaɗi, domin shi ne zuciyar darasin. Idan aka ba da imatinib ga yaron da sankarar jininsa ba ta da wannan tangarɗa ko makamanciyarta, babu abin da zai samu sai illa da asarar kuɗi. Yara biyu za su iya kwanciya gado da gado, ciwonsu suna ɗaya, alamunsu ɗaya, maganin ya tashi ɗaya ya bar ɗaya.

Bayan imatinib wasu sun biyo. Larotrectinib, wanda aka amince da shi a 2018, ba a tambayar a wace gaɓa ƙarin yake, sai dai ko yana da haɗewar ƙwayar gadon da ake kira NTRK. Ya taimaki jarirai masu wani ƙari na hannu ko ƙafa da a da kan kai ga yanke gaɓa, kuma akwai shi na ruwa da ake ɗura wa jariri a baki. A 2023 aka amince da haɗin dabrafenib da trametinib ga yara masu wani ƙarin ƙwaƙwalwa mai tangarɗar BRAF. Daga ƙasar Sin ma, tun kafin imatinib, an sami abin mamaki: likitocin Shanghai da Harbin sun nuna cewa wata sankarar jini mai saurin kisa tana jin wani sinadari ɗan uwan bitamin A da kuma asenik, gubar da aka sani tun zamanin da. Maimakon su kashe ƙwayoyin kai tsaye, sai su tilasta musu balaga su mutu da kansu. Yau fiye da 90 cikin 100 na masu ita suna warkewa idan an kama ta da wuri.

Irin waɗannan magunguna ba su da yawa ga yara. Sankarar yara ba ta da tangarɗu masu yawa kamar ta manya, kasuwarta kuma ƙarama ce, don haka kamfanoni sun fi yi wa manya magani, yara su jira. Sai da majalisar Amurka ta yi doka a 2017 da ke tilasta gwada sabon magani a kan yara idan abin da yake toshewa yana cikin sankararsu.

Garkuwar jiki da aka ƙera a ɗakin gwaji

Idan cuta ta shiga jiki, wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira B sukan samar da antibodi, wato furotin da ke manne wa baƙon abu guda ɗaya tak, ya yi masa alama domin sauran sojojin jiki su far masa. A 1975, a Kambirij ta Ingila, Georges Köhler da César Milstein suka gano yadda za a samar da antibodi iri ɗaya mai yawa a wajen jiki, aikin da ya kawo musu kyautar Nobel a 1984. Daga nan aka sami damar ƙera antibodin da zai manne wa ƙwayar sankara.

Wanda ya fi shafarmu a cikinsu shi ne rituximab, domin yana aiki a kan sankarar Burkitt. Denis Burkitt likitan tiyata ne da ya yi aiki a Kampala ta Yuganda, kuma a 1958 ya yi bayanin wani ƙari da ke kumbura muƙamuƙin yara. Da ya bi diddigin wuraren da ake samunsa, sai ya ga ya bi yankin Afirka mai zafi da damshi, inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. A 1964 aka gano ƙwayar cutar Epstein-Barr a cikin samfurin da ya aika Landan. Nijeriya na cikin wannan yanki, kuma Burkitt na cikin sankarorin da likitocin yara suka fi gani a nan. Babu ƙarin da ya kai shi saurin girma, yana iya ninkawa cikin kwana ɗaya ko biyu. Sau da yawa akan ɗauka ciwon haƙori ne ko hangum, a kai yaro wajen mai cire haƙori ko wanzami, makonni su wuce. Wani lokaci kuma a ciki yake fitowa, ciki ya kumbura.

Ƙwayoyin Burkitt daga ƙwayoyin B suka fito, kuma suna ɗauke da wata alama a bayansu mai suna CD20. Ita rituximab ke kamawa. An fara amfani da shi ga manya a 1997, amma sai a 2020 aka wallafa babban binciken yara: waɗanda aka ba kemo kaɗai, 82 cikin 100 ne suka kai shekara uku lafiya, waɗanda aka ƙara wa rituximab kuwa 94. A lura dai, a asibitocin da ke da wadatar jini da magungunan kashe ƙwayoyin cuta aka yi wannan bincike. Maganin ba ya bambance ƙwayar B mai lafiya da mai sankara, duka yake sharewa, sai yaro ya yi watanni garkuwarsa a ƙasa. Yana kuma iya tayar da ciwon hanta nau'in B da ke kwance a jiki, wanda yake da yawa a ƙasashenmu, saboda haka wajibi ne a gwada hanta kafin a ɗaura ruwan farko. Tun 2015 yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma kamfanonin Indiya da wasu ƙasashe suna yin irinsa da rangwame.

Wasu kan ɗauka duk maganin da ke aiki da garkuwar jiki mai sauƙi ne. Dinutuximab ya isa ya kawar da wannan zato. Ana ba yara masu nurobilastoma, wata sankara da ke tasowa daga ƙwayoyin jijiya, galibi a cikin ƙananan yara. Binciken 2010 ya nuna 66 cikin 100 sun kai shekara biyu lafiya, maimakon 46. Amma alamar da yake kamawa tana nan a jijiyoyi masu lafiya, don haka yana sa zogi mai tsanani, har sai an haɗa wa yaro da mofin, maganin kashe zogi mai ƙarfi, muddin ruwan na shiga.

Blinatumomab kuma hannu biyu gare shi. Da ɗaya yake riƙe ƙwayar sankarar jini, da ɗayan ya jawo farar ƙwayar jini mai kisa da ake kira T, ya haɗa su gaba da gaba. Ba ya daɗewa a jini, shi ya sa ake ɗura shi kwana 28 ba tsayawa, da 'yar na'ura da yaro ke goyawa a jaka. A binciken da aka wallafa a ƙarshen 2024, ya ɗaga yawan masu kai shekara uku lafiya daga 88 zuwa 96 cikin 100.

Yarinyar da aka sauya wa ƙwayoyin jini

A watan Afrilun 2012, a asibitin yara na Filadelfiya, wata yarinya 'yar shekara shida mai suna Emily Whitehead ta zama yarinya ta farko da aka yi wa jinyar da ake kira CAR-T. Sankarar jininta ta dawo sau biyu, kemo ya ƙare mata. Likitoci Carl June da Stephan Grupp suka ɗebi ƙwayoyin T daga jininta, suka dasa musu sabon umarnin gado da zai sa su gane alamar CD19 da ke bayan ƙwayar sankara, suka hayayyafa su, suka mayar mata. Abin da aka yi amfani da shi wajen shigar da umarnin, ƙwayar HIV ce da aka cire wa duk abin da ke sa cuta, aka bar mata iya shiga ƙwaya kawai.

Kwanaki kaɗan sai jikinta ya rikice. Zazzaɓi ya yi tsanani, ƙarfin bugun jininta ya faɗi, aka sa ta a na'urar numfashi, rai kwakwai mutu kwakwai. Gwaji ya nuna wani sinadarin garkuwa mai suna IL-6 ya yi mugun hauhawa. June ya san wani magani da ke toshe shi, tocilizumab, domin 'yarsa na fama da amosanin gaɓɓai, kuma na masu wannan ciwo ne. Aka ba ta, zazzaɓin ya sauka, ta farfaɗo ranar da ta cika shekara bakwai. Fiye da shekara goma bayan haka cutar ba ta dawo ba, har ta shiga jami'a. Tocilizumab kuma ya zama abin da dole a ajiye a kusa kafin a fara wannan jinya.

A watan Agustan 2017 aka amince da ita da sunan Kymriah, a kan dala 475,000, ban da kuɗin asibiti. Kowane yaro nasa ake ƙera masa: a tace jininsa, a aika masana'anta, a jira makonni. A binciken da aka dogara da shi, 81 cikin 100 cutar ta ɓace musu cikin wata uku, amma bayan shekara guda kusan rabi ne kawai ke nan ba abin da ya sake tasowa. A kan ƙari mai tauri, irin na ƙashi ko ƙwaƙwalwa, har yanzu ba ta yi irin wannan tasiri ba. Indiya ta amince da tata a 2023, mai suna NexCAR19, wadda aka ƙirƙira a Mumbai, a kan kusan kashi ɗaya cikin goma na kuɗin ta Amurka.

Gwaji kafin magani

Duk magungunan nan abu ɗaya suke jira: wani ya duba ƙwayar sankarar ya faɗi abin da ke jikinta, ko BCR-ABL ne, ko CD20, ko CD19. Wannan ba ya yiwuwa sai an ɗebi ɓargo da allura ko an yanki ɗan tsoka daga ƙarin an kai ɗakin gwaji. A nan ne wata magana da ta yaɗu a cikinmu ke yin ɓarna, wai daji ba ya son ƙarfe, da an taɓa shi sai ya watsu. Abin da ke faruwa shi ne, akan kai yaro asibiti bayan ciwon ya riga ya bazu, idan ya rasu sai a ɗora wa allurar. Ƙin gwaji shi ke rufe ƙofar kowane magani, tsoho da sabo.

Yaron da ya yi fari fat, yana zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya, ko dasashinsa na zubar da jini, ko yana kukan ciwon ƙashi, ko wani kumburi ya fito masa marar zafi yana girma, ko wani fari na ƙyalli a tsakiyar idonsa, babban asibiti ya kamata a nufa da shi, irin asibitocin koyarwa na Kano, Zariya da Sakkwato, ko cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa da ke Yamai. Iyaye na da haƙƙin su tambayi likita sunan sankarar, da gwajin da ya tabbatar da ita, da ko akwai wata alama a jikinta da wani magani ke kamawa, da tsawon lokacin jinyar. Tambaya ta ƙarshe tana da nauyi, domin jinyar sankarar jini kan ɗauki shekara biyu ko fiye, kuma yara da yawa na rasuwa ne saboda an daina zuwa da aka ga sun miƙe.

A yi hattara da masu tallar “maganin ƙara garkuwar jiki” a mota da lasifika ko a WhatsApp, waɗanda suka fara aron kalmomin likitoci. Antibodi na gaskiya a firji yake zama, ta jijiya ake ba da shi, ma'aikaciyar jinya na tsaye tana auna numfashi, kuma ba a ba da shi sai da takardar gwaji.

A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa burin ganin aƙalla yara 60 cikin 100 masu ciwon daji suna rayuwa a ko'ina kafin 2030, kuma a 2021 asibitin St. Jude na Amurka ya yi alkawarin dala miliyan 200 domin kai magungunan sankarar yara ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. A ganina, inda kuɗi ba su da yawa, ɗakin gwaji da bankin jini da kemo mai inganci da ba ya yankewa su ne na farko, sai imatinib da rituximab, tunda kuɗinsu ya sauko kuma masu buƙatarsu suna nan a gadajen asibitocinmu. Kuɗin CAR-T na yaro ɗaya zai yi wa yara masu yawan gaske jinyar Burkitt daga farko har ƙarshe.

Aikin aji

Ku kasu rukuni-rukuni ku tattauna. Wani maƙwabcinku ya ji labarin imatinib, yana shirin sayar da gonarsa ya saya wa ɗansa da aka ce yana da sankarar jini, amma ya hana a ɗebi ɓargon yaron. Me za ku faɗa masa, kuma wace tambaya za ku ba shi ya kai wa likita? Sannan kowa ya rubuta, a jimla biyar ko shida, dalilin da ya sa ake gwada hanta kafin a ba yaro rituximab.